Kaza da Tsakuwar Shinkafar Kura

Don Allah kar ku faɗi sunana.

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma a hankali.

Kaza ce ke tsince wa Kura tsakuwa a shinkafa. Ran nan ta ce, "Uwar ɗakina, zan bar aiki. A auna min geron watan nan."

Kura ta ce, "Wanda ya tafi da ƙafarsa, ba shi da ko ƙwaya."

Ashe Kaza na tara tsakuwar a ƙoƙo. Ta juye ta cikin buhu, ta cakuɗa da ƙafa.

"To ga aikina na mayar. Ki tsince da haƙoranki."

Kura ta dubi buhu, ta ɗauko mudu.

Ƙurunƙus kan... ku yi shiru, ga Hajiya nan, ban gama tsince tata ba.