Matar Auta Da Ta Tona Asirin Surukarta

Jama'ar wannan shafi, ku ɗan tsaya ku karanta wannan. Akwai wata baiwar Allah da ke auren ɗan autan wata mai gidan burodi. Kowa Matar Auta yake ce mata, har 'ya'yanta sun taɓa tambayarta ko sunan da aka raɗa mata ke nan.

Surukar tata kuwa, ma'aikata Soja suke kiranta, amma a bayan idonta. Bayan rasuwar mijinta, da tanda ɗaya ta rufa wa kanta asiri, ta yi renon yaranta har suka zama mutane. Idan ta shigo ɗakin gashi, hira takan mutu. Ba a taɓa jin ta ce kanta na ciwo ba.

Matar Auta tana aiki a teburin da ake sa burodi a leda. Mace ce mai kunya, ba ta iya haɗa ido da surukarta. "To, Mama" ita ce doguwar maganarta.

Sai ta fara lura da wasu abubuwa. Mama ta daina ɗaga tire da hannun hagu. Ta koma yafa mayafi mai kauri a bakin tanda, inda kowa ke neman iska. Ga wani warin man shafawa da ke bin ta duk inda ta gifta.

Wata rana da hantsi Matar Auta ta shiga sito ɗauko leda. A bayan buhunan fulawa ta tarar da Mama ta buɗe ƙirji tana canza tsumma. Fatar nononta na hagu ta yamutse kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, tsumman kuma da tabon jini.

Mama ta ja mayafinta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ba ki ga komai ba," in ji ta. "Ɗauki abin da ya kawo ki."

Kwanaki Matar Auta ta yi tana juya abin a ranta. Ta san matsayinta a gidan, ta san ba a yi wa suruka irin wannan magana. Amma duk lokacin da ta ga tsohuwar ta cije leɓe tana ba da umarni, sai ta tuna da tsumman nan mai jini.

Ranar da ta kasa jurewa, ta bi ta ofis, ta rufe ƙofa, ta durƙusa. Ta roƙe ta su je asibiti su biyu, ba wanda zai ji.

Mama ta ce ƙari ne kawai, ba ya ma ciwo sosai, kuma akwai mai magani da ya ba ta man da zai narkar da shi. Da roƙon ya yi yawa, sai muryar Mama ta sauka. Ta ce yayarta ma haka aka kai ta asibiti, aka yi mata aiki, ba ta sake tashi ba. Ita ba za ta kwanta a yanka ta ba, kuma ba za ta bari 'ya'yanta su gan ta a kwance ba.

Matar Auta ta tambaye ta a hankali, yaushe aka kai yayar tata? Mama ta kawar da kai, domin ta san sai da ciwon ya gama cin jiki aka kai ta.

"Mama, ki yafe mini," in ji Matar Auta. "Yau zan faɗa wa Abban yara. Na yarda ki tsane ni, in dai kina raye."

"In kin faɗa, kada ki sake tako mini nan."

"To, Mama."

Ta faɗa ɗin. Auta ya kira yayyensa, gida ya cika. Babbar yayarsa ta fara da faɗa, wai wace irin mata ce ke leƙa jikin uwar mijinta. Da ta ga ciwon da idonta, ita ce ta fara fashewa da kuka. Haka suka taru suka sa Soja a mota, tana kallon taga har suka isa asibiti.

Likita ta ɗebi ɗan nama aka gwada. Sakamako ya nuna kansar nono ce. Ta ce an makara, amma ba a makara gaba ɗaya ba, ciwon bai kai sauran sassan jiki ba. Za a yi ƙarin ruwan magani, sannan a cire nonon.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Maganin ya zubar wa Mama da gashi, ya ɗauke mata ɗanɗano, ya sa ta amai har ta rame. 'Ya'yanta mata suna gidajensu da ayyukansu, sukan zo su tafi. Matar Auta ce ta tare a ɗakin.

An hana ta gidan burodi, amma ba a hana ta ɗakin jinya ba. Ita ke riƙe robar amai, ita ke wanke zanin gado. Bayan tiyatar, ita nas ta koya wa yadda ake kula da ɗinkin, da yadda za a riƙa motsa hannun don kada ya sandare. Kullum da safe takan tsayar da Mama a jikin bango, yatsunta suna hawa kaɗan-kaɗan.

Duk wannan, Mama ba ta yi mata magana. In tana son ruwa, sai ta ce wa bango, "A ba ni ruwa." Auta ya ji haushi, ya ce zai yi wa uwarsa magana. Matarsa ta hana shi, ta ce ya bar ta, ai mai fushi yana da sauran ƙarfi.

A hankali jiki ya fara dawowa. Gashi ya tsiro, fari tas. Likita ta duba hotuna, ta ce ba ta ga alamar ciwon ba, sai dai a ci gaba da shan magani da zuwa dubawa.

Ranar da Mama za ta koma aiki, ta aika a ce wa Matar Auta ta shirya. A ɗakin gashi ta sa maza su fita, ta tara mata ma'aikata. Ta ajiye mayafi a kan tebur, ta dafa gefen ƙirjinta da ya zama shafe.

Ta faɗi sunan ciwon da bakinta. Ta gaya musu yadda ya fara da ɗan ƙullutu, da yadda ta ɓoye shi. Ta ce kowace ta riƙa duba jikinta, wadda ta ji wani abu ta tafi asibiti, ranar ba za a ce ta yi fashin aiki ba. Wata mai kwaɓi ta ɗaga hannu a kunyace, ta ce akwai abin da take ji a hammatarta. Mama ta ce gobe da kanta za ta raka ta.

Sannan ta kamo hannun Matar Auta, ta jawo ta gaba.

"Kun ga wannan? Duk cikinku da 'ya'yan da na haifa, ita kaɗai ta taɓa ƙin bin umarnina. Shi ya sa nake tsaye a nan. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Matar Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigar aikinta, amma ji take kamar ta fi kowa tsawo a ɗakin. Matan suka fara tafi, wasu na share ido.

Mama ta bar su na ɗan lokaci, sannan ta shaƙi iska.

"Wa ya bar burodi a tanda? Kowace ta koma bakin aikinta."

Darasi: Ɓoye ciwo ba jarumta ba ce, kuma kunyar da za ta sa ki yi shiru rai na salwanta ba ladabi ba ce. Duk ƙullutu ko canjin da kika gani a nono, ki kai shi asibiti da wuri. Ba kowanne ne kansa ba, amma likita ne zai tantance. Ku tura wannan ga iyayenku mata, da matanku, da surukanku.