Garmar Barmo Tana Hucewa

Dalilin da ya sa cikin ƙasa yake da zafi, ku matso ku ji, ko da yake abin kunyar gidanmu ne, mu maƙera.

A da can duniya shimfiɗe take kamar faifai, ba ta da wani ciki. Kakan kakanninmu, Barmo, shi ne maƙerin gari. Ya iya ƙira daidai gwargwado, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ana saura wata guda damina ta faɗi, ya tara manoma ya ce, "Ku kawo mini fartanyoyinku duka. Zan ƙera muku garma ɗaya da za ta nome gonakinku a yini guda."

Suka kawo, har da ta tsohuwa Tasalla, wadda ba ta da wata sai ita.

Barmo ya haɗa su a wuta, ya yi ta zuga kwana bakwai. Ƙarfen ya cure wuri ɗaya, ya yi jajir, ya fi rumbu girma. Awartaki ya kasa kama shi, guduma kuwa ko gezau. Tsoro ya kama Barmo. Da wani ne sai ya fita ya ce ya kasa, amma mu ba mu gaji wannan ba. Sai ya narka sauran ƙarfen maƙera ya kwarara a kai, wai ko zai yi laushi. Abin ya ƙara girma.

Tasalla ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ina garma? Hadari ya fara haɗuwa."

Ya tare ƙofa ya ce, "Tana hucewa, Iya."

Tana juya baya ya shiga jibga duwatsu a kan ƙarfen don ya ɓoye shi. Na ƙasa suka yi laushi don zafi, ya ƙara wasu, ya yi ta ƙarawa har ya rasa dutse. Daga nan ya kankaro ƙasar duniya kaf ya yaɓa a sama, ita ma 'yar shafe ce kawai. Faifai ya dunƙule ya zama curi, mutane suka wayi gari a kansa.

Ruwa ya sauka. A wannan shekarar, da tsinke aka yi shuka, Tasalla kuma ba ta sake yi masa magana ba. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Shi ya sa har yau in ka haƙa ƙasa sai ka tarar da dutse, ƙarƙashinsa dutse mai zafi, can ciki narkakken ƙarfe, a tsakiya kuma curin fartanyoyin mutane. Wani lokaci wutar takan fasa kan dutse ta fito, ta tona mana asiri.

Wa ke sallama a zaure? In Malam Nomau ne ya zo karɓar fartanyarsa, ku ce masa tana hucewa.