Tsaga Ta Biyu a Kunnen Saniyar Mairama

An yi wani mutum a ƙasar Sabon Birni, can wajen Gatawa. Ba za ni kama sunansa ba, don danginsa na nan, wataƙila ma wani yana cikin sahun nan. Fataucin hatsi yake yi. Rumbunansa tara, ga shanu a hannun makiyayi. Salla ba ta wuce shi, in ya gaishe ka sai ka rantse babu na kirki irinsa.

Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar jinjiri, aka sa masa suna Amiru. Kwana uku yaron yana tsala kuka, ya ƙi nonon akuya. Sai aka kawo wata Bafillatana, Mairama, wadda mijinta ya rasu, ɗan da take goyo ma ya bi shi cikin wata guda. Tana ɗora yaron a ƙirji ya kama. Gida ya yi tsit.

Aka zo maganar lada. Mairama ta ce ita ba ta san kuɗi ba, a ba ta maraƙa ɗaya, duk abin da ta haifa ya zama nata. Maigidan har da dariya, ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ya kira makiyayinsa, wani dattijo mai suna Wakili, aka kamo wata jar maraƙa da ba a yi wa shaida ba tukuna. Shaidar maigidan tsaga biyu ce a kunnen hagu. Ta gidan su Mairama tsaga ɗaya. Wakili ya sa wuƙa ya yi tsaga ɗaya, aka yi fatiha. Ku sani, a wajen makiyayi kunnen saniya shi ne takarda.

Shekara biyar Mairama na ɗakin tsohuwar maigidan. Ta shayar, ta yaye, ta goya. Da ƙyanda ta kama Amiru, ita ta yi kwana goma sha biyu ba ta sa haƙarƙarinta ƙasa ba. Yaro ya buɗe baki, ita ya kira Inna. Ba ta taɓa neman ko sisi ba. Ranar Juma'a kawai takan goya shi su je garke, ta shafa jar saniyarta, wadda ta girma har ta haifi ɗan maraƙi.

Sai fari ya zo. Dattawan da ke nan sun san shekarar da nake faɗi. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, mata suka koma tonon gidan tururuwa neman hatsi, da jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don a ci. Mutumin namu kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa, a ganinsa. Buhu ɗaya, saniya ɗaya. Ya buɗe rumbunan nan ɗaya bayan ɗaya yana musaya, har garke ya haura ɗari. Dabararsa ita ce Wakili ya kora su kudu inda ciyawa take, in ruwa ya dawo shi ne sarkin shanu.

Dangin Mairama su ma suka ɗaure kaya za su kudu. Ta zo zaure ta durƙusa.

Ta ce, “Maigida, yaro ya yi wayo. Za ni bi mutanena. A ba ni saniyata da ɗanta.”

Ya ce ta dawo gobe.

Ya 'yan uwa, kai biyu ne fa! Cikin ɗari da wani abu! Amma zuciya ta ce masa, shekara biyar tana cin tuwonka, mutane na mutuwa da yunwa ita ko rama ba ta yi ba, wane lada ya wuce wannan? Bayan sallar asuba, da carbi a hannunsa, ya shiga garke ya ƙara tsaga ɗaya a kunnen saniyar, ya ƙara ɗaya a na maraƙin. Ya shafa toka.

Da rana ya tara mutane ya ce, “Ku duba kunne. Wace saniya gare ta nan?”

Mairama ta dubi kunnen, ƙuda na bin jini. Ba ta yi gardama ba. Ta ce, “Allah na gani.” Ya sa aka auna mata tiya biyu ta gero. Aka riƙe Amiru yana ihu yana shure-shure, ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba ta iya tafiya.

Wakili ya kama kunnen ya duba. Sannan ya ajiye sandarsa gaban maigidan.

Ya ce, “Da hannuna ni yi tsagar fari. Garken da anka yi ma kunne ƙarya, ba ni kora shi.”

Mutumin ya ce makiyaya sun yi yawa, ga yunwa, wa zai ƙi aiki? Nan ya yi kuskure. Kafin kasuwar garin Isa ta ci sau biyu, labari ya gama rugage. Ya ninka lada, babu wanda ya tanka. Makiyayi na jin yunwa, amma ba ya yarda a gan shi bayan saniyar da aka sauya wa shaida. Ya ɗauko 'yan gari biyu da ba su san hanyar ruwa ba. Kwana shida suka dawo da rabin garke. Shanun da suka dawo ma suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya, biyar yau, bakwai gobe. Ya koma rumbu, ya tarar da ƙaiƙayi.

Amiru kuwa ya ƙi cin abincin hannun kowa. Ya zauna bakin ƙofa yana kallon hanya, har zazzaɓi ya kwantar da shi, ba ya cewa komai sai Inna. Sai a sannan uban ya ji tsoro. Ya hau jaki ya bi sawunta har gaba da Isa. Can aka nuna masa kabari a gefen hanya. Aka ce tafiya ce ta kayar da ita, ga shi ba ta da saniyar da za ta tatsa. Ya juyo gida, ya tarar ana zaman makoki. Yaro ba shi da laifi, Mai shi ne ya karɓi abinsa. Uban aka bar wa zaman.

Kun san wadda ta tsira cikin garken nan duka? Jar saniyar. Bai iya sayar da ita ba, kowane dillali ya san kunnen. Bai iya yanka ta ba, ya ce naman ba zai wuce masa wuya ba. Ni da idona ina yaro na gan shi a kasuwar Sabon Birni, riga a yage, yana jan ta da igiya, yana tare duk Bafillacen da ya gani: “Don Allah, ka san dangin Mairama? Ina da saƙonsu.” Har ya mutu bai sami mai karɓa ba.

Ya 'yan uwa, wace ce ke goya ɗanka a gida yau? Me kuka yi da ita za ka ba ta? Tuwon da ta ci ba lada ba ne, ko jakinka kana ba shi dusa. Ka biya ta tun tana da hannun karɓa, don akwai ranar da ba a biya da saniya, sai da ladan sallarka.

Allah ya raba mu da haƙƙin masu rainon 'ya'yanmu. Allah ya kiyaye mu, ya sa kada mu nemi mai yafe mana mu tarar da kabari. Amin.