Ƙarfen da Aka Tono a Tsohon Bariki

Ku gyara zama, in ba ku labarin garin Ɗinyar Jatau, amma in na gama ku za ku yanke hukunci, ba ni ba.

A shekarar da nake faɗa muku, rijiyoyin garin biyu duk sun ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Mata sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su samo tulu ɗaya na ruwa mai laka. Awaki suka fara mutuwa. Gidaje bakwai suka kwashe kayansu suka bar garin, sauran kuma suka tsai da shawara cewa in aka ƙara wata guda a haka, kowa zai tashi, a bar kaburburan iyaye da gonaki.

Akwai wani mutum a garin ana ce masa Tanimu. Ya yi shekara huɗu a wajen haƙar zinariya, ya dawo ba shi da komai sai injin nan mai kuka in ya ji ƙarfe a ƙasa. Mutane suna yi masa dariya, don kullum yana yawo da shi a daji, abin da yake samowa bai wuce tsohuwar ƙusa da bakin fartanya ba. Wata rana ya bi ta fegin da ake kira tsohon bariki, inda aka ce Turawa masu sayen gyaɗa sun taɓa zama, sai injin ya yi ƙarar da bai taɓa yi ba. Ƙasar wurin marmara ce. Kwana uku Tanimu yana sara da diga cikin wannan rana, ga ƙishirwa, tafin hannunsa duk ya yi ƙanta ya fashe. Da ramin ya kai masa ƙirji, ya ci karo da wani ƙarfe mai faɗin faifai, mai gajeren wuya, tsatsa ta lulluɓe shi har ba a gane gabansa da bayansa. Yana kwance a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse. Masu sayen tsohon ƙarfe sun so ya ba su nan take, ya ƙi. Ya ɗauko shi a ka har ƙofar mai gari, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasarmu na same shi. Ya kamata a san ko mene ne."

Ba wanda ya sani. Wani ya ce garkuwar yaƙi ce, wani ya ce murfin tukunyar aljanu. Samari suka kawo guduma za su fasa shi su ga cikinsa. Sai Kande ta tare su. Kande matar maƙerin garin ce da ya rasu, ta yi shekara talatin tana zuga masa wuta, ta san halin ƙarfe. Ta ce, "Ku ajiye gudumar nan. In kun fasa shi, me zai gaya muku?" Ta sa aka kai shi gidanta. A lokacin da kowa ke lallaɓa kurɓin da zai sha, ita ta raba ruwan tulunta biyu, ta jiƙa tsamiya da rabi, ta tsoma ƙarfen a ciki. Kullum sai ta ciro shi ta goge da toka da totuwar masara, ta bi lungunansa da tsinke, ta mayar. Kwana tara tana wannan, har yatsunta suka tsattsage. A rana ta tara baƙin ƙarfe ya fito fes: rami ɗaya a tsakiya, ƙanana huɗu a gefe, da wani rubutun boko mai tudu a kewaye. Malamin makaranta ya karanta, ya ce sunan wani kamfani ne da lamba, bai san fiye da haka ba.

Bayan Tanimu da Kande, na uku a labarinmu shi ne Baba Sallau, tsoho makaho da ke zaune gidan 'yarsa a bayan gari. Yana saurayi ya yi lebura tare da masu gina rijiyoyin gwamnati a can arewa, amma mutane sun manta da wannan. Ranar da aka kawo ƙarfen da tsatsarsa an ba shi ya shafa, ya ce bai ji komai ba sai ɓawo. Da ya ji an wanke, ya sa aka ja masa sanda har gidan Kande. Ya zauna ya ɗora ƙarfen a cinya, ya bi rubutun da yatsa, ya zura hannu a ramin tsakiya, ya ji yadda ya yi sumul. Sai hawaye suka zubo masa.

"Tanimu, ɗana," in ji shi, "a kan me ka same shi?"

"A kan dutse, Baba."

"Ba dutse ba ne, siminti ne. Wannan gindin famfo ne. Na ɗauki irinsa a kaina ya fi sau ashirin. Ba a ɗora shi sai a bakin rijiya."

Washegari gari duka ya fita da diga da shebur. Baba Sallau na zaune a gefe yana gaya musu inda za su sara da inda za su bari, kada murfin ya rufta da mutane. Suka ɗaga simintin, sai ga rijiya ginanniya, sanyi yana tasowa daga cikinta. Kwana biyar ana yasar laka. A rana ta shida guga ya fito da ruwa garai-garai. Mata suka yi guɗa, maza suka yi sujada a nan kan marmara. Kafin damina ta faɗi, biyar daga gidajen da suka tashi sun dawo.

Mai gari ya tara jama'a ya ce rijiya ba ta zama ba suna, kuma sunan mutum ɗaya za a sa mata, don jikoki su riƙa ambatonsa duk sanda suka zo ɗiba. Tanimu ya ce a sa na Inna Kande, don shi dunƙulen tsatsa kawai ya kawo. Kande ta ce a sa na Baba Sallau, ita ta wanke abin da ba ta san ko mene ne ba. Baba Sallau ya ce shi ya yi shekara ashirin yana wucewa ta kan rijiyar nan da sandarsa bai sani ba, a sa na Tanimu.

To, ga ku ga su. Wanda ya tono, da wadda ta hana a fasa ta kuma wanke da ruwan shanta, da wanda ya gane. Sunan wa za a sa wa rijiyar?