Farar da Ke Bakin Faifai

An yi wani sarki da tsufa ya cinye masa ƙafafu, har ya daina kewaya ƙasarsa, sai abin da hakimai suka faɗa masa. A shekarar da ruwa ya ɗauke, wani manomi mai suna Nomau ya tako kwana shida daga Tungar Giwa, ya faɗi gaban sarki, ya ce yunwa na kashe mutanensu, a buɗe musu rumbunan fada. Ya baro matarsa da 'yarsa suna dafa ganye.

Hakimin yankin, Kwasau, ya san in maganar ta tabbata rawaninsa ya tafi, domin shi ya ce wa sarki an yi albarka. Sai ya zo da wani mai zane, Mantau, wanda ya yi shekaru a ƙasar Holan yana koyon zane da fentin mai. Aka jingina allon zanensa a zaure. Ga faifai cike da mangwaro nunanne, da ɗanyar masara da aka ɗan buɗe bawonta, da kanya, da magarya. Ga lemo an fara fere shi, bawon na lilo, wuƙar ta leƙo bakin tebur kamar za ta faɗo. Wani bafade ya miƙa hannu zai ɗauki mangwaro, yatsunsa suka bugi katako, aka yi masa dariya. Nomau dai bai yi ba.

Mantau ya rantse bai taɓa zana abin da idonsa bai gani ba, kuma duk wannan a Tungar Giwa ya gan shi. Kowa ya san ba ya ƙarya. Sarki ya fusata, ya sa aka ɗaure Nomau, ya ce wanda ya yi wa ƙasarsa ƙazafin yunwa kansa zai biya, amma a bar alƙali Cindo ya duba tukuna.

Cindo ya shiga tsaka mai wuya. Ga mai rantsuwa da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ga kuma mutumin da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Fadawa duk sun shagala da kyan zanen, da yake rabonsu da gona tun suna yara. Shi kuwa Cindo ɗan manomi ne, ya daɗe yana kallon allon, abin yana damunsa, har ya gane abin da ke cizonsa.

Ya ce, "Malam Mantau, na yarda ka gansu. Amma mangwaro na bazara ne, ɗanyar masara ta damina, kanya sai sanyi ya shigo. A wace rana ka gan su tare a faifai ɗaya?"

Mai zane ya amsa ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba, don shi a wurinsa wannan sana'a ce kawai. Ya ce haka malamansa suka koya masa, kowane abu ana jiran lokacinsa a zana shi, a bar gurbin na gaba. Shekara uku ya yi a kan allon.

"To, nuna mana abin da ka zana bana."

Mantau ya matso kusa da allon. Sannan ya ɗora yatsa a bakin faifan, inda wata fara ke zaune, ƙarama, wadda babu wanda ya kula da ita.

"Allah ya gafarta malam, ita kaɗai na samu."

Sarki ya sa aka tuɓe rawanin Kwasau nan take, aka kwance Nomau, aka ɗora wa jakuna hatsi. Sai dai tafiya kwana shida ce, kuma an ɓata huɗu ana sha'awar allo. Da Nomau ya isa, matarsa ce kaɗai ta tarbe shi, ta nuna masa inda aka binne yarinyar shekaranjiya.

Labarin ya iske Cindo, ya yi baƙin ciki ƙwarai, bai kuma yarda a yaba masa wannan hukunci ba har ya mutu. Abin da yakan gaya wa masu koyon shari'a a wurinsa shi ne, kada su tsaya ga tambayar shaida ko ya gani, su tambaye shi yaushe. Domin gaskiyar bara, in aka jera ta a faifan bana, ta fi ƙarya kisa.