Kukan da Mzwandile Ya Kasa Daina Ji

Akwai wani mutum a garin Underberg na Afirka ta Kudu mai suna Mzwandile Dlomo, mai motocin haya. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci, shi da yayarsa Nomvelo, wadda yake kira Sisi, sukan hau gandun dajin tsauni da karnukansa biyu, Bhubesi da Skhova.

Dokar wurin ɗaya ce: kare ya shiga, amma da igiya a wuya.

Wata Lahadi, suna ɓace wa masu gadin ƙofa, Mzwandile ya durƙusa ya kwance igiyoyin.

"Kai dai ba ka jin magana," in ji Nomvelo. "Yanzu ne fa namun daji ke haihuwa."

Ya yi dariya. "Haba Sisi! Karnukan nan sun fi wasu mutane tarbiyya. Fito ɗaya zan yi su dawo."

Ba su yi nisa ba hazo ya sauko daga kan tsauni, har mutum bai ganin tafin hannunsa. Karnukan suka ɗaga kunne, suka zabura cikin ciyawa. Ya yi fito, ya sake yi. Shiru.

Sai suka ji kuka, siriri, tamkar na jariri.

Nomvelo ta damƙe hannunsa. "Wa zai kawo jariri nan?"

Suka bi sautin suna lalube. A bakin kwazazzabo suka tarar da gada kwance, an yage mata wuya, ɗanta na tura mata baki a ciki yana neman nono. Shi ne mai kukan. Skhova na gefe, baki duk jini. Bhubesi kuwa sai sawunsa, wanda ya ƙare daidai inda ƙasa ta ƙare.

Nomvelo ta naɗe ɗan gadar a bargonta ta kai wa masu gadi. Bai kwana biyu ba ya mutu. Bhubesi, ko gawarsa ba a gani ba.

Tun daga ranar Skhova ya daina hawa. Da sun doshi ƙofar gandun sai ya kwanta a ƙasa yana kuka, ko an ja shi ba ya motsi.

Mzwandile kuwa, duk ranar da hazo ya rufe gari, sai a gan shi ya tsayar da mota a gefen titi, ya kashe inji, yana kallon tsauni.

Wata rana Nomvelo ta same shi haka, ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Har yanzu kana jin zafin rashin Bhubesi?"

Ya girgiza kai, idonsa ya yi ja.

"Da shi ne da sauƙi, Sisi. Kukan ɗan gadar nan nake ji. Ko na toshe kunne."

Darasi: Daji gidan wasu ne, mu baƙi ne a cikinsa. Dokar da ka raina, wani rai take karewa, kuma nadama ba ta ta da matacce. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani ya riƙe igiyarsa tun kafin ya yi da-na-sani.