Ranar da Za a Sa wa Gona Haske

Akwai wani dattijo manomi da ke da gona a cikin kwari, wadda ya gada daga ubansa. Tsamiya ce a bakin gonar, rafi a ƙasanta, can baya kuma duwatsu. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ka tsawaita masa, sai ya shiga tunanin me kake nema.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a datse rafin, ruwa zai cinye kwarin duka, za a mai da mutane kan tudu bayan girbi. Masu awo suka zo, suka kafa wani abu mai ƙafa uku, suka leƙa, suka tafi. Tun daga ranar dattijo ba ya son ganin baƙo kusa da gonarsa.

'Yarsa Rifkatu, wadda ke aure a birni, ta san abin da ke cin zuciyar ubanta. Sai ta aiko wani mai zane, ya zana gonar da fentin mai kafin ruwa ya rufe ta, domin Baba ya sami abin dubawa a sabon gida.

Mai zane ya iso, ya durƙusa ya gaida dattijo, ya isar da saƙo. Sa'an nan ya kafa katako mai ƙafa uku, ya ɗora ƙyalle a kai, ya miƙa burushi gaba, ya rufe ido ɗaya yana auna tsamiya. Dattijo ya zuba masa ido. Ya ce a ransa, “Ƙafa uku kuma? Ga awo? Lalle Rifkatu an ruɗe ta.”

Ran nan mai zane bai yi kome ba sai shafe ƙyallen duka da launin ƙasa, kamar an yaɓa laka.

Dattijo ya ce, “Malam, wannan ce gonata?”

Ya ce, “Shimfiɗa ce, Baba. Mu da duhu muke farawa, haske a ƙarshe yake zuwa.”

Ya ajiye ƙyallen a zaure ya tafi kwana uku, wai sai fenti ya sha iska. Dattijo kuwa ya riga ya yanke cewa rahoto ya tafi kaiwa.

Da ya dawo, ya sa baƙar inuwa a gindin tsamiya, ya ja kunyoyin dawa da launi mai duhu, ya yi duwatsu shuɗi-shuɗi. Dattijo ya matso har hancinsa na neman taɓa ƙyallen. Bai ga gona ba, sai dabbare-dabbaren fenti da warin mai.

“Duwatsunmu ba shuɗɗa ba ne.”

“Abin da ke nesa haka ido ke ganinsa, Baba. Ku ɗan ja da baya ku duba.”

“In ja da baya? A gonar ubana?”

Bai ja ba, ko taki ɗaya. Ya koma gida yana saƙawa yana kwancewa, har ya kai ga wannan: an aiko mutumin nan ne ya zana gonar a mace, a ƙone, don a nuna wa manya a ce ai ba a yi asarar kome ba. Kai, zato! In ya sami gindin zama, ko tuwo aka ba ka sai ka shinshina.

Rana ta ƙarshe mai zane ya zo da sassafe, fuskarsa a sake. Ya haɗa fari da ruwan ɗorawa, ya fara ɗiga su a kan ganyen tsamiya, ya gangaro kan dawar da ke gefenta. Wurin da ya sa wa hasken bai wuce tafin hannu ba sai ga dattijo da sanda.

“Tattara kayanka. Ƙyallen kuwa nan zai zauna, ba inda za a kai shi.”

“Baba, yau ce ranar haske. Ku ba ni zuwa la'asar kawai.”

“Ko zuwa hantsi ban ba ka ba.”

Mai zane ya naɗe burusansa, ya yi sallama, ya tafi. Dattijo ya jingina ƙyallen a bayan rumbu, fuskarsa ga bango, yana jin ya yi nasara.

Aka yi girbi, aka tashi. Damina ta zo, ruwa ya hau, ya shanye rafi da kunyoyi, har kan tsamiya ya ɓace.

Wata rana Rifkatu ta zo ganin gida. Tana share ɗaki ta tarar da ƙyallen cikin tarkace, ta kakkaɓe shi ta rataye a bango. Dattijo ya dawo daga waje, ya sa ƙafa a bakin ƙofa, ya ɗaga kai, sai ya tsaya cik. Daga nan nesa ya ga gonarsa. Ga kunyoyi sun miƙe suna ƙanƙancewa har gindin duwatsu, ga duwatsun can nesa, daidai yadda yake ganinsu tun yana yaro. Ga rana ta faɗo a kan tsamiya da 'yar dawar gefenta, kamar ka miƙa hannu ka ji ɗumi. Sauran gonar duka tana cikin duhu, tana jiran safiyar da shi da kansa ya kora.

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, “Rifkatu, a kira mini shi ya ƙarasa.”

Ta ce, “Baba, me zai duba ya ƙarasa? Gonar tana ƙarƙashin ruwa.”

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Ƙyallen ranka ne, mai zanen kuwa Ubangiji ne. Sau da yawa da duhu yake farawa: ciwo, jira, ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Mu kuma sai mu manna hanci a kan wahalar yau, mu ce Allah ya juya mana baya, ko kuwa maƙiya ne suka sa mana hannu. In an ce mu ja da baya mu tuna alherinsa na shekaru, sai mu ce raini ne. Na san waɗansu a cikinmu da suka daina addu'a, suka daina zuwa sujada, suna zargin duk wanda ya zo gaishe su, kuma abin yana damuna ƙwarai. Dattijon nan ba ƙarya aka yi masa ba, gaskiya aka gaya masa tun ranar fari, shi ne bai yarda ba. In Ubangiji ya ce maka ka ba shi zuwa la'asar, ɗan'uwa, ajiye sandar ka ba shi.